Takardar da Aka Buga Don Ta Wuce: Fashin Baƙi Kan Masu Tara Tsofaffin Mujallun Yahudawa

A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, daga Agustan 1686 zuwa Disamban 1687, an yi wata 'yar jarida mai fitowa Talata da Juma'a da harshen Yidish, yaren Yahudawan Turai da ake rubutawa da baƙaƙen Ibrananci. Ana ce mata Kuranten. Labaran yaƙin Turkawa da sarakunan Turai take kawowa, da na jiragen ruwan da suka iso ko suka nutse, yawanci daga jaridun Holan ake ɗebo su. Ita ce jaridar Yidish mafi tsufa da aka sani. Ta yi wajen shekara ɗari biyu babu mai ko jin ɗuriyarta, sai a ƙarshen ƙarni na 19 David Montezinos, mai kula da ɗakin karatu na Ets Haim, makarantar Yahudawa ta Amsterdam, ya ci karo da ita an ɗinke fitowa wajen ɗari a kundi guda, ya saya. Kundin nan shi ke nan a duniya, ba shi da na biyu. A shekarun 1970 kuma ya yi ɓatan dabo. Duk wanda ke nazarin jaridar a yau, da hotunan da aka ɗauka kafin ɓatan yake aiki.

Na fara da wannan labari ne don kusan duk abin da ke cikin harkar nan yana cikinsa: abu ya rage ƙwaya ɗaya tal, mutum ɗaya mai ido ya tsince shi, kuma ko bayan ya shiga hannun masana bai tsira ba. Littafi ana buga shi don ya zauna a kanta, a gāje shi. Jarida da mujalla ana buga su don a karanta yau, gobe wata ta maye gurbi. Mai tara su yana ja ne da ɗabi'ar abin da yake tarawa.

Idan aka ce tsofaffin mujallun Yahudawa, dangi biyu ake nufi, kodayake sukan shiga juna. Dangi na farko na 'yan Haskala ne, masu kiran a buɗe wa ilimin zamani ƙofa. Kakarsu ita ce Ha-Me'assef, ma'ana "Mai Tarawa", wadda Isaac Euchel da abokansa suka fara a Königsberg a 1783, ta yi ta faɗuwa tana tashi har 1811. Bayanta aka yi Bikkurei ha-Ittim a Vienna daga 1820. A 1856 Eliezer Lipman Silbermann ya kafa Ha-Maggid, jaridar mako ta farko da Ibrananci, a garin Lyck na Prussia, daf da iyakar Rasha, don mafi yawan masu karatun suna ƙetaren iyaka ne, amma samun izinin ɗab'i a ƙarƙashin sarkin Rasha aiki ne ja. Sai Ha-Melitz a Odessa a 1860, Ha-Karmel a Vilna a shekarar, da Ha-Tzefirah a Warsaw a 1862.

Dangi na biyu shi ne mujallun Attaura, kuma a nan zan fi daɗewa, don su ne ba a cika sani ba. Attaura a bakinsu ba ta tsaya ga littattafai biyar na Annabi Musa kaɗai ba, ta haɗa da Talmud, babban kundin muhawarar malamansu na da, da duk fiƙihun da aka gina a kansa. Mujallar Attaura ba ta damu da labarin yaƙi ko farashin hatsi ba. Abu biyu ne cikinta: abin da suke kira hiddushim, wato sabuwar fahimta da malami ya gano a wani nassi, da kuma she'elot u-teshuvot, tambayoyi da amsoshi, abin da mu za mu ce fatawa. Tushenta yana komawa Amsterdam ɗin nan dai. A makarantar Ets Haim ta Yahudawan da asalinsu daga Fotugal da Sifen yake, akan ba manyan ɗalibai mas'ala, su rubuta amsa, a buga a raba. Wannan jerin, mai suna Peri Ets Haim, ya ratsa ƙarni na 18 har zuwa 1807. A 1846 Rabbi Jacob Ettlinger na Altona ya fito da Shomer Tziyon ha-Ne'eman, wadda ta yi shekara goma tana haɗa malaman Jamus da Hangari da Polan a shafi guda, a lokacin da masu neman sauya tsarin addinin ke da jaridunsu masu ƙarfi. A Hangari David Zvi Katzburg ya kafa Tel Talpiot a garin Vác a 1892, ba ta tsaya ba sai 1938. A Birnin Ƙudus Ben Zion Cuenca ya fitar da tasa Ha-Me'assef daga 1896, sunanta ɗaya da ta 'yan Haskala, manufa kuwa hannun riga. Wannan maimaicin suna kansa tarko ne ga sabon shiga, don akwai mujallu fiye da ɗaya masu suna Yagdil Torah, haka ma Yeshurun.

To me ya sa mutum zai kashe rayuwarsa yana bin waɗannan takardu? Dalilin da na fi gamsuwa da shi shi ne a mujalla ake ganin fatawa tana tafiya da ƙafarta. Ka ɗauki malamin wani ƙaramin gari a Galicia, wani yanki na gabashin Turai, da aka kawo masa mas'alar da babu ita a tsofaffin littattafai: an kawo lantarki, shin kunna shi ranar Asabar, ranar hutunsu da aka hana hura wuta, daidai yake da hura wutar? An ƙera injin da ke murza gurasar idin Pesach, shin ta halatta kamar ta hannu? Miji ya tafi yaƙi bai dawo ba, babu gawa babu shaida, yaya za a yi da matarsa? Sai ya rubuta ra'ayinsa ya aika. Bayan wata biyu wani daga Lithuania ya yi masa raddi. Ɗalibi ɗan shekara goma sha takwas ya tsoma baki da hujjar da manyan suka tsallake. Edita ya sa 'yar ƙaramar ta'aliƙi a ƙasa. Idan malamin ya tsufa, ko ya mutu 'ya'yansa suka tattara fatawowinsa suka yi littafi, abin da za ka gani shi ne matsayar ƙarshe, an share ta an goge. Wanda ya ja da shi, da inda ya janye, da abin da ya fara faɗa kafin ya sake tunani, duk suna can cikin mujalla. Akwai kuma ɗaruruwan malamai da ba su taɓa samun halin buga littafi ba. Garuruwansu an shafe su a Yaƙin Duniya na Biyu, rubutun hannunsu ya ƙone. Shafi biyu a wata fitowar Tel Talpiot na iya zama shi ne iyakar abin da ya rage na ilimin mutum na shekara hamsin.

Jaridun dangi na farko ma suna da irin wannan taska a shafukan baya. Ha-Maggid ta yi suna wajen buga cigiyar mazajen da suka gudu suka bar mata a rataye, ba aure ba saki, waɗanda ake kira agunot: sunan mutum, garinsu, sana'arsa, kamanninsa. Lokacin yunwar da aka yi a Farisa a 1871 zuwa 1872, ta buga jerin sunayen waɗanda suka ba da gudummawa gari-gari, har da mai ba da 'yan kwabbai. Masu neman asalin kakanninsu a yau da waɗannan jerin suke gano cewa wane ya taɓa zama a gari kaza.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: me ya cinye su?

Abu na farko takardar ce da kanta. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, da tsumman auduga da lilin ake yin takarda, mai ƙarko ce. Daga baya aka koma markaɗa itace, ta yi araha, jaridu suka yawaita, amma akwai sinadarin asid a jikinta da ke cin ta daga ciki. Shi ya sa za ka ga Ha-Me'assef ta 1780 da wani abu fara sol tana lanƙwasuwa, ita kuwa jaridar Warsaw ta 1890 da wani abu ta yi ja kamar an gasa ta, kana ɗaga shafi gefensa na zubewa a cinyarka kamar busasshen ganye. Ƙaramar ta riga babbar tsufa.

Na biyu shi ne mai ɗinkin littafi. Wanda ya damu da mujallarsa yakan tara fitowar shekara ya kai a ɗinke masa da bango mai tauri. Wannan ya ceci da yawa. Amma maɗinkin yakan yage siririn bangon kowace fitowa ya zubar, ya datse gefuna don su daidaita. A jikin wannan bangon da aka zubar kuwa ake buga tallace-tallace, da sunayen wakilai, da kuɗin shekara, da saƙon edita ga waɗanda ba su biya ba, wani lokaci ma kwanan watan a nan kaɗai yake. Don haka a wurin masu tarawa, fitowar da ba a taɓa ɗinkewa ba, da bangonta na asali, ta fi wadda aka yi wa ado da fata daraja nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne wanda Bahaushe zai fi saurin fahimta. Kamar yadda ba ma jefa takarda mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a juji, haka Yahudawa masu riƙo da addini ba sa zubar da rubutun da ke ɗauke da sunan Ubangiji ko karatun Attaura. Suna kiran irin waɗannan takardu shemot, wato "sunaye". Akan tara su a wani ɗaki ko akwati da ake kira geniza, in sun taru a kai maƙabarta a binne. Wato jaridar labarai rashin daraja ne ya kashe ta, an kunna murhu da ita ko an naɗe kifi. Mujallar Attaura kuwa darajarta ce ta kai ta kabari. Mutum ya rasu, magada suka ga tarin tsofaffin mujallu sun yi ja, abin da ya fi dacewa a ganinsu shi ne su kai geniza, kuma ba su yi laifi ba a addininsu. Shahararriyar genizar Alƙahira ta majami'ar Ben Ezra ta tsira ne don ba a binne ta ba, ga kuma bushewar iskar Masar, har Solomon Schechter ya kwashi gutsattsari kusan 193,000 zuwa Cambridge a 1897. Irin wannan dacen ba kullum ba ne.

Sannan wuta da yaƙi. Gobarar birnin Salonika na Girka ta 1917 ta lashe unguwannin Yahudawa da maɗaba'unsu da ɗakunan karatunsu, a birnin da ya kasance cibiyar jaridun Ladino, yaren Yahudawan da asalinsu daga Sifen yake. A 1966 gobara ta cinye littattafai kimanin 70,000 a ɗakin karatun makarantar tauhidin Yahudawa ta New York. Ɓarnar 'yan Nazi kuwa ta wuce misali. A Vilna sun tilasta wa masana Yahudawa su tantance kayan YIVO, cibiyar nazarin harshen Yidish da rayuwar Yahudawan gabashin Turai, da ɗakin karatu na Strashun: kaɗan a aika Jamus, mafi yawa a kai masana'antar takarda a markaɗe. Wasu daga cikin waɗanda aka sa aikin, irin su mawaƙan nan Abraham Sutzkever da Shmerke Kaczerginski, suka riƙa ɓoye takardu a jikinsu suna shigar da su unguwar da aka killace Yahudawa, alhali kama mutum da su na iya zama ajalinsa.

Daga nan ake gane wata ƙa'ida ta harkar: fitowar ƙarshe ta fi ta farko wuyar samu. Ta farko akan buga da yawa a raba don talla, mutane kuma sukan adana ta. Ta ƙarshe babu wanda ya san ita ce ta ƙarshe. Lokacin masu biya sun ragu, kuɗi ya ƙare, ko hukuma ta iso bakin ƙofa. Mujallar nazarin tarihi da ilimin Yahudanci da Zacharias Frankel ya kafa a 1851 da Jamusanci, Monatsschrift, ta kai mujalladi na 83, na shekarar 1939. 'Yan Nazi suka ƙwace shi, kwafi ƙalilan suka tsira, sai a 1963 aka sake buga shi. A Tarayyar Sobiyet, Rabbi Yehezkel Abramsky da Rabbi Shlomo Yosef Zevin sun farfaɗo da Yagdil Torah ta garin Slutsk a ƙarshen shekarun 1920, fitowa biyu kacal aka rufe ta, ba da jimawa ba aka kama Abramsky aka tura shi Saiberiya. Haka Ha-Levanon, jaridar Ibrananci ta farko a Birnin Ƙudus: an fara ta a 1863, gaba ta shiga tsakaninta da kishiyarta Havatzelet, hukumar Turkawa ta rufe su duka biyun. Editanta Yehiel Brill ya ɗauke ta zuwa birnin Faris na Faransa a 1865, daga nan Mainz ta Jamus a 1871, ta ƙare a Landan a 1886. Wanda ke son cikakken jerinta, sai ya bi sawun jarida ɗaya a ƙasashe huɗu.

Ni abin da ya fi taɓa ni su ne jaridun sansanonin waɗanda suka tsira bayan 1945. A Landsberg ta Jamus mutanen da suka fito daga sansanonin mutuwa sun so yin jarida da Yidish, amma babu baƙaƙen Ibrananci na ɗab'i, an narkar da su ko an lalata. Sai suka buga Yidish ɗin da baƙaƙen boko, bisa rubutun Polan. A sansanin Bergen-Belsen da hannu aka rubuta fitowar farko ta jaridarsu aka kwafa. Takarda ce mafi arha, an buga ta ga mutanen da burinsu kawai su bar wurin, kowa da ƙunshinsa ɗaya.

Kada kuma a ɗauka harkar ta Turai ce kaɗai. A Izmir an yi jaridar Ladino tun shekarun 1840, El Tiempo ta Istanbul ta rayu daga 1872 zuwa 1930. Yahudawan Bagadaza da suka zauna a Bombay sun fitar da Doresh Tov le-Amo daga 1856, Larabci ne da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda muke rubuta Hausa da ajami. Waɗannan sun fi na Turai ƙaranci, don ga zafi, ga laima, ga gara, ga kuma al'ummomin da suka watse cikin 'yan shekaru a tsakiyar ƙarni na 20.

Yanzu bari mu matso kusa, mu ga abin da mai tarawa ke yi in fitowa ta shigo hannunsa. Farko kwanan wata. Ba zai ga 1783 a jiki ba, haruffa zai gani: tav, kuf, mem, dalet. Wanda ya san ramzin da malamanmu ke rufe waƙa da shi ya riga ya san hanyar, don ƙimar ma ɗaya ce da ta abajada: ta 400, ƙaf 100, mim 40, dal 4. Jimla 544. An bar dubu biyar ɗin ba a rubuta ba, shekarar ita ce 5544 a lissafinsu. Sai ya ƙara 1240 a kan 544, ya sami 1784. Amma shekararsu da kaka take kamawa, wajen Satumba ko Oktoba, don haka watannin farkonta suna cikin 1783. Wannan ne dalilin da za ka ga wani kundin ya ce Ha-Me'assef ta fara a 1783, wani ya ce 1784, kuma duka ba su yi ƙarya ba. Wasu mujallun ma ba sa ambaton rana, sai su ce makon da ake karanta sashe kaza na Attaura.

Bayan wannan sai ƙirga. Shafi-shafi zai bi, ya duba ko lambobi sun bi juna, ko ƙarin da ake liƙa wa jaridar yana nan, irin Kevod ha-Levanon, ƙarin karatun addini na Ha-Levanon, wanda sau da yawa akan cire shi a ajiye daban. Zai nemi layin izinin jami'in tace rubutu na Rasha, wanda kan ba da kwanan wata na biyu. Zai shafa bayan shafi da yatsa ya ji ko baƙaƙen dalma sun dannu, don tun shekarun 1960 an sake buga da yawa daga cikin mujallun nan ta hanyar hoto a New York da Ƙudus, kuma bayan shekara sittin su ma sun fara kama da tsofaffi. Sai hatimi. Hatimin wani ɗakin karatu na Vilna ko Breslau na iya nufin kayan ganimar yaƙi ne. Bayan yaƙin sojojin Amurka sun tara miliyoyin littattafan da aka wawashe a ma'ajiyar Offenbach don mayar wa masu su, amma ba duka ne suka bi ta nan ba. A ganina mai tarawa na ƙwarai ba ya goge hatimi, kuma ba ya jin tsoron tambayar ta ina abu ya biyo.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Gidajen gwanjo irin su Kedem a Ƙudus da Kestenbaum a New York suna sayar da su, amma mujalla ba ta kusantar manyan littattafai. Talmud ɗin da maɗabi'i Bomberg ya buga, na tarin littattafan Valmadonna, ya haura dala miliyan 9 a gidan gwanjo na Sotheby's a 2015. Abin da ke ɗaga farashin mujalla shi ne cikar jeri, ko rubutun farko na wani babban malami, ko sa hannunsa a gefe. Mafi yawan aikin kuwa cike giɓi ne: mutum yana da fitowa 46 cikin 48, ya yi shekara goma yana cigiyar biyun, yana musaya da 'yan'uwansa masu tarawa. Taswirar da suke bi su ne kundayen jeri, irin wanda Yitzhak Lewin ya fitar a New York a 1980, na mujallun Attaura daga 1691 zuwa 1948. YIVO, tun kafa ta a 1925, ta ba irin waɗannan mutane suna, zamler, mai tarawa, kuma talakawan gari ne suka riƙa aiko mata da duk takardar da suka tsinta. Aaron Lansky ya bi wannan sawu a Amurka daga 1980, ya ceto littattafan Yidish sama da miliyan daga ɗakunan ƙasa da kwandunan shara.

Intanet ta sauya abubuwa sosai, kuma alheri ne. Jami'ar Tel Aviv da Babban Ɗakin Karatu na Isra'ila sun ɗora ɗaruruwan jaridu a shafin JPress, ana iya neman kalma a ciki. Compact Memory na Frankfurt ya ɗauki na Jamusanci. HebrewBooks da Otzar HaHochma sun ɗauki na Attaura. Abin da a da sai ka yi tafiya ƙasa uku, yanzu yana wayarka. Wasu na ganin ke nan an gama da masu tarawa. Ban yarda ba. Na'ura ba ta ɗaukar hoton abin da babu. Yawancin hotunan daga kundin da maɗinki ya riga ya yage wa bango aka ɗauke su, wasu ma daga tsohon fim mai dishi-dishi, kuma inda ɗakin karatun ba shi da fitowa ta 37, a intanet ma daga 36 sai 38. Wannan ta 37 ɗin, in tana raye, tana cikin kwali a gidan wani, ko cikin buhun shemot da ke jiran motar maƙabarta.

Kuma har yanzu ana tsintuwa. A Vilnius, wato Vilna ɗin nan, wani ma'aikacin ɗakin karatu ɗan Lithuania, Antanas Ulpis, ya ɓoye tarin takardun Yahudawa a cocin Saint George lokacin da hukumar Stalin ke son a hallaka su. An gano kashi na farko wajen ƙarshen mulkin Sobiyet. A 2017 aka sanar da gano wasu shafuka kimanin 170,000 daga cikin abin da ya ɓoye, shekara saba'in da 'yan kai bayan an ɗauka an markaɗe su.